Shimfiɗar YIG da muka sayo daga Turai: kaya masu kyau, takarda mai ƙarancin bayani

Duk wanda ya tambaye ni ko ya kashe kuɗin bincikensa a kan shimfiɗar YIG (siririn abu mai maganaɗisu da ake girkawa a kan faranti don bincike) irin wadda muka yi oda, amsata ita ce ya saya. Sai dai kada ya ɗora ta a kan na'ura kafin ya san abin da takardar cikin kwalin ta yi shiru a kansa, domin a nan ne ake ɗora wa kaya masu kyau laifin da ba nasu ba.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne a sashen fiziks na wata jami'a a nan Jidda. A Makka aka haife ni, a Misfala, kakanninmu daga ƙasar Katsina suka zo aikin hajji suka zauna. Aikina kula da na'urori ne, da yin odar kayan aiki, da tsayawa a kan ɗalibai har hannunsu ya faɗa. 'Yan'uwanmu na Najeriya da Nijar da ke digiri na biyu da na uku a nan, da waɗanda ke Zahran da Thuwal, sukan kira ni su tambayi inda muke samun samfur, shi ya sa na ga gara in rubuta dalla-dalla. Kamfanin ƙarami ne, ba zan kama sunansa ba. Masu sayar da wannan kaya a duniya ba su da yawa, kuma abin da zan faɗa ma'auni ne da za a iya ɗora kowannensu a kai.

Abu uku muka sayo: shimfiɗa mai kaurin kusan maikuromita 5 wadda ba a shafa mata komai ba, da siririya mai nanomita 100 da aka shafa wa filatinam na 'yan nanomita kaɗan a samanta, sai farantin GGG tsura (haɗin gadoliniyam da galiyam da oksijin, wanda ake girka YIG a kansa) don kwatantawa. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita, wato siririyar ko a ido da ƙyar ake gane tana nan.

YIG haɗin itiriyam ne da ƙarfe da iskar oksijin, atam 3 da 5 da 12. Bertaut da Forrat ne suka fara bayyana shi a Grenoble ta Faransa a 1956, Geller da Gilleo kuma suka yi nasu aikin a ɗakunan binciken Bell na Amurka a 1957. Yana riƙe maganaɗisunsa har zafin kusan digiri 287 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba ya ɗaukar wutar lantarki ko kaɗan. Ana girka shi a kan GGG ne saboda tsarin atam ɗinsu kusan ɗaya ne: tazarar maimaituwa a YIG nanomita 1.2376, a GGG 1.2383. Wannan kusancin ne ke sa shimfiɗar ta kwanta lafiya ba tare da tsagewa ko murɗewa ba. Namu an girka su ta hanyar tsoma farantin cikin narkakken haɗi mai tsananin zafi, hanyar da aka fi sani da LPE, wadda har yau ita ke ba da shimfiɗa mafi tsabta.

Batun oda ba zan daɗe a kansa ba. Da Yuro suke ba da farashi, riyal kuwa da dala yake ɗaure a kan 3.75, saboda haka tsakanin ranar da suka aiko fatura, wato takardar kuɗi, da ranar da ofishin sayayya ya biya, kuɗin na iya motsawa. A ƙara harajin kashi 15 cikin ɗari a lissafi tun farko. A nemi wasiƙar jami'a da ke cewa samfurin bincike ne a miƙa wa mukhallis, wato wakilin da ke fitar da kaya daga kwastan, kayan za su fi saurin fita daga kwastan. Hutunmu Juma'a da Asabar ne, nasu Asabar da Lahadi, kwana huɗu ke nan kacal a mako da ake iya magana a samu amsa a ranar. Kunshin kuwa babu abin cewa: kowane yanki a cikin ƙaramin akwati mai ɗanƙo a ƙasa, an rufe cikin leda marar iska, babu wanda ya iso da ko ƙwarzane.

Shawara ɗaya kafin a biya: a ce su yanka a can. GGG yana da tauri ga saurin fashewa, kuma ba ya rabuwa a miƙe idan an ja masa layi da alƙalamin daimon kamar yadda silikon ke yi. Kuɗin yankan bai kai asarar kusurwar faranti ɗaya ba. A kuma tambaya ko an goge bayan farantin. Tun da tsoma shi ake yi, YIG na girkuwa a fuska biyu, idan ba a cire ta baya ba za ka ga layi biyu a allon awo maimakon ɗaya (bayanin layin na zuwa). A mai kaurin namu ba su cire ba, kuma takardar ba ta faɗa ba. Sai da muka rubuta musu suka tabbatar.

To, awon kansa. Kowane elektron, ban da cajin lantarki, yana ɗauke da wani juyi na kansa da ake kira sifin, shi ne tushen maganaɗisun ƙarfe. Idan ka sa samfur tsakanin bakin babban maganaɗisu, dukkan sifin ɗin sukan fuskanci waje ɗaya. Idan ka ɗan ture su, ba sa komawa kai tsaye, sai su riƙa kewaya wannan fuska, kamar yadda kan mazari ke zagayawa idan ya ɗan karkace yana cikin juyi. Saurin wannan kewayawa ya dogara da ƙarfin maganaɗisun, kimanin gigahaz 28 (gigahaz ɗaya kewayawa biliyan ɗaya ce a daƙiƙa) ga kowace tesla, ma'aunin ƙarfin maganaɗisu. Idan maikurowef ɗin da kake turawa ya dace da wannan sauri, samfurin sai ya shanye wutar, ka ga layi ya nutse a allon kwamfuta. Griffiths ya fara ganin wannan a Oksfod a 1946, Kittel kuma ya ba da lissafin da muke amfani da shi har yau a 1948. Ga YIG a gigahaz 5, idan maganaɗisun yana kwance a fuskar shimfiɗar, layin kan fito a wajen militesla 111 (militesla kashi ɗaya ce cikin dubu na tesla). Idan yana tsaye a kanta, sai wajen 354.

Abin da kake biya kuɗi dominsa shi ne sirantakar wannan layi. Layi siriri na nufin kewayawar tana daɗewa kafin ta lafa. A famaloi, haɗin nikel da ƙarfen da kowane ɗaki ke da shi, adadin lafawar kusan 0.008 ne, wanda ke ba da layi mai faɗin kusan militesla 3 a gigahaz 5. A siririyar YIG mai kyau adadin na sauka zuwa wajen 0.0002 ko ƙasa, layin kuma ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na militesla. Maganaɗisun ƙasa da muke tafiya a kanta a nan yankin kusan militesla 0.04 ne. Ka ga ke nan ana maganar layin da kujerar ƙarfe idan an matso da ita kusa da na'ura za ta iya gusar da shi.

Da muka auna da wuta ƙasa-ƙasa, a maikurowat kaɗan, abin da muka gani ya yi daidai da takardarsu. Siririyar, a gefen da filatinam bai rufe ba, ta ba da layi ɗaya tsaf mai kyan siffa, kuma da muka bi shi daga gigahaz 2 zuwa sama, faɗinsa ya riƙa ƙaruwa a miƙe yadda ya kamata. Mai kaurin ta ba da jerin layuka kusa da juna, wanda ba aibu ba ne, igiyoyin maganaɗisu ne da ke tsayawa tsakanin gefunan yankin. A wannan mataki kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ban taɓa riƙe samfurin da ya kai su tsabta ba.

Wani ɗalibinmu ɗan Damagaram, yaro mai himma da ya yi digirinsa na biyu a kan famaloi, shi ya fara kawo ƙara. Ya same ni bayan la'asar ya ce, "Yaya, kayan nan ina jin an cuce mu. Layin ya yi faɗi ya baje, ga shi ya karkace gefe ɗaya, kuma in na hau da maganaɗisu daban, in na sauko daban." Na ce, "Ƙanena, nawa ka sa wutar?" Ya ce miliwat 10, abin da ya saba sa wa famaloi. Na ce ya rage ta sau dubu ya sake. Ya sake, layin ya dawo siriri kamar ba shi ba.

Wannan shi ne babban ƙorafina a kan kamfanin. Takardarsu ta rubuta faɗin layi da saurin kaɗawar da aka auna shi, amma ba ta rubuta da wace wuta aka auna ba, ba ta kuma gargaɗi mai saye cewa adadin yana aiki ne kawai a ƙarƙashin wata iyaka. Ga wanda ya tsufa a harkar, wannan sanannen abu ne. Ga ɗalibin da ya karɓi kwali shi kaɗai a jami'ar da babu wanda ya taɓa aiki da YIG, layi biyu na rubutu za su cece shi daga ɓata watanni, su kuma cece shi daga rubuta adadin lafawa na ƙarya a kundinsa.

Ga abin da ke faruwa. A wuta kaɗan, idan ka ninka abin da kake turawa, abin da samfurin ke sha ma sai ya ninka, siffar layi ba ta sauyawa. Amsa tana bin gwargwado. Bayan wata iyaka sai ta fita daga gwargwado, kuma ba ta hanya ɗaya ba. Damon a 1953, da Bloembergen da Wang a 1954, sun ga cewa layin yana cika ya daina girma a wutar da ta yi ƙasa ƙwarai da abin da lissafin lokacin ya yi hasashe, har ma wani sabon tudun sha yana fitowa a ƙasan babban layin. Harry Suhl ne ya warware matsalar a 1957. Kewayawar bai-ɗaya da maikurowef ke tayarwa ba ita kaɗai ce a cikin samfurin ba. Akwai ɗimbin ƙananan igiyoyin sifin, waɗanda ake kiran ƙwayarsu magnon, da zafin ɗaki ke tayarwa kullum. Kewayawar bai-ɗaya tana zuba musu ƙarfi kaɗan-kaɗan, su kuma suna zubar da shi ta hanyar lafawarsu. Ranar da abin da ake zuba wa wasu tagwayen igiyoyi ya fi abin da suke zubarwa, sai su hau girma babu tsayawa, su riƙa kwashe duk ƙarin wutar da ka tura. Babban layin sai ya tsaya cik a tsawo, ya bazu a faɗi.

Duba inda maganar ta kai: iyakar tana ga lafawar igiyoyin. Inda lafawa ta yi ƙanƙanta, iyakar ma sai ta sauko. Wato gwargwadon kyan shimfiɗar, gwargwadon saurin fitarta daga gwargwado. Abin da ɗalibinmu ya ɗauka alamar lalacewa, shi ne shaidar ingancin da muka biya. Shimfiɗa marar kyau za ta jure miliwat 10 ba tare da ta nuna komai ba.

Karkacewar layin kuma labarinta daban, Anderson da Suhl sun yi bayaninta tun 1955. Ta fi fitowa fili idan maganaɗisun yana tsaye a kan shimfiɗar. Yayin da kewayawar ke buɗewa, ɓangaren maganaɗisun samfurin da ke tsaye yana raguwa, wannan kuma yana sauya wurin da layin ya kamata ya fito. Ƙarfin maganaɗisun YIG na cikinsa kusan militesla 175 ne a zafin ɗaki. Idan ka yi lissafi, buɗewar da ba ta wuce digiri 2 ba ta isa ta gusar da layin da kashi ɗaya cikin goma na militesla, wato da faɗinsa gaba ɗaya. Daga nan kan layin sai ya rusuna gefe har ya naɗe, a samu wurin da amsa biyu ke yiwuwa a ƙarfin maganaɗisu ɗaya. Idan kana hawa ka bi ɗaya, idan kana saukowa ka bi ɗayar, da tsalle a tsakani. Famaloi ma yana yin haka, amma sai an ba shi wuta sau dubbai fiye da wannan, shi ya sa wanda ya taso a kansa bai saba gani ba.

A nan akwai tarko da nake so 'yan'uwa su kiyaye. Zafi ma yana karkatar da layi ta irin wannan siffa. Maganaɗisun YIG yana raguwa da kusan militesla 0.3 zuwa 0.4 a kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi, abin da ya ninka faɗin layin sau uku ko huɗu. Samfurin da ke shan wuta yana ɗumama kansa, ɗumin ya gusar da layi, gusawar ta sauya yawan abin da yake sha. Hanyar rarrabewa ita ce a daina tura maikurowef ɗin a jere, a riƙa tura shi guntu-guntu da hutu mai tsawo a tsakani. Karkacewar da ta samo asali daga kewayawa tana faruwa cikin ƙasa da maikurosakan, ta zafi kuwa tana buƙatar lokaci mai tsawo sosai fiye da haka. Wadda ta saura bayan an gajarta bugun, ita ce ta gaskiya. Mu a Jidda muna da ƙarin dalilin kula da wannan. Mukayyif ɗin ɗakin, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana kamawa yana saki, kuma kowane kamu ana ganinsa a wurin da layin yake. Sai da muka kewaye bakin maganaɗisun da allon soso muka kuma daina awo a sa'ar farko ta dawam, wato lokacin aiki, kafin abin ya zauna.

Mai kaurin ce ta fi burge ni, don a cikinta ake ganin rabuwar magnon ɗaya zuwa biyu ƙarara. Magnon mai saurin kaɗawa kaza yana iya tsagewa ya zama biyu, kowanne da rabin saurin, amma sai idan akwai igiyoyin da ke iya rayuwa a wannan rabin. A shimfiɗar YIG mai kaurin maikuromita, da maganaɗisu a kwance, wannan ƙofa a buɗe take ne kawai idan kana ƙasa da kusan gigahaz 3.3, wato kashi biyu cikin uku na gigahaz 4.9 da maganaɗisun YIG ke bayarwa. Muka sa wuta ɗaya muka riƙa saukowa daga gigahaz 5. A sama, layukan suna da tsawo. Muna ƙetara wajen 3.3 sai suka durƙushe lokaci ɗaya. Na kira Dakta, malamin da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya zo ya gani da idonsa, ya tsaya ya sa aka maimaita masa, daga nan ya ce a ajiye wannan yankin don darasin 'yan digiri na biyu. Lissafin da aka yi a 1957 yana fitowa a allonka daidai inda aka ce zai fito, ba tare da ka gyara komai ba. Ni dai wannan kaɗai ya isa in ce kuɗin bai tafi a banza ba. Siririyar ba ta nuna wannan, domin a kaurin nanomita 100 babu igiyoyin da ke sauka ƙasa sosai har su kai rabin. A cikinta sai tsari na gaba, inda magnon biyu ke karo su fito a matsayin wasu biyu. Wanda ke son nazarin rabuwa uku, wato wannan tsagewar magnon ɗaya zuwa biyu, ya sayi mai kauri, wanda ke gudunta ya sayi siririya ko ya tsaya sama da gigahaz 4. Wannan ma babu shi a takarda ko a shafin kamfanin.

Sai filatinam, inda yabona ya ragu. Dalilin shafa shi shi ne a ga kwararar sifin. Tserkovnyak da Brataas da Bauer sun nuna a 2002 cewa maganaɗisun da ke kewayawa yana tura sifin cikin ƙarfen da ke manne da shi, ba tare da caji ya ƙetare ba. A cikin ƙarfe mai nauyi irin filatinam, elektron masu sifin sama da masu sifin ƙasa suna kaucewa ɓangarori daban-daban, sai kwararar sifin ta koma ƙarfin lantarki da ake iya aunawa a gefe da gefe. Dyakonov da Perel ne suka fara hango tushen wannan a 1971, Saitoh da abokan aikinsa a Japan suka auna shi a famaloi da filatinam a 2006, Kajiwara da abokansa kuma suka yi da YIG a 2010. Amfanin YIG a nan babba ne. Famaloi yana ɗaukar lantarki, saboda haka shi da kansa yana haifar da wani ƙarfin lantarki da ke cakuɗuwa da wanda kake nema, raba su kuma aiki ne. YIG ba ya ɗauka, abin da ka gani mafi yawansa daga filatinam yake.

Mun samu sigina. Maikurobolt ne, ya fito daidai kan layin, ya juya alama da muka juya maganaɗisu, ya ɓace da muka daidaita maganaɗisun da layin wayoyin. Layin da ke ƙarƙashin filatinam ya fi na gefen tsirara faɗi, kamar yadda ya kamata, tun da sifin ɗin da ke tsallakawa asara ce ga YIG. Farantin GGG tsura bai ba da komai ba. Duk waɗannan alamu ne na gaskiya.

Matsalar ita ce yanki biyu daga faranti ɗaya ba su ba da girma ɗaya ba, bambancin kuma ya fi abin da za a ɗora wa wayoyi. Kwararar sifin tana ratsa mahaɗar YIG da filatinam ne, kuma wannan mahaɗa kaurin atam kaɗan ce. Tun da a tukunya ɗaya ake girka YIG a wata na'ura dabam a shafa filatinam, fuskar tana shan iska a tsakani, kuma yadda aka wanke ta kafin shafawa shi ke yanke hukunci. Mun tambaye su yadda suka shirya fuskar. Amsar ta zo da ladabi, daga mutumin da a fili yake ya san aikinsa, amma ya ce wannan sirrin sana'arsu ne. Na fahimci ɗan kasuwa, sai dai mai bincike ba zai iya rubuta sakamakon da ya dogara da matakin da bai san yadda aka yi shi ba. Ba su kuma ba da awon kaurin filatinam ɗin ba, adadin da aka nufa kawai suka rubuta. A ƙarfen da sifin ke ɓacewa cikin 'yan nanomita, bambancin nanomita ɗaya ba ƙarami ba ne.

Saboda haka shawarata a sayi YIG tsirara a shafa ƙarfen a gida, idan akwai na'urar. Mun kai wani yankin mai kaurin wani sashe aka shafa masa filatinam a gabanmu, bayan wankin da muka rubuta matakansa, wani kuma aka shafa masa tantalam. Tantalam ya ba da sigina mai kishiyar alama, wanda shi ne gwajin da na fi yarda da shi, domin ɗumi ko kuskuren waya ba su san bambancin ƙarfen biyu ba. A wannan yankin ne kuma muka bi sawun abin da Kurebayashi da abokan aikinsa na Kambirij da Munsta suka buga a 2011: a ƙasa da iyakar rabuwa uku, sifin ɗin da ake samu daga kowace wutar da aka sha yana ƙaruwa. Dalilin yana da daɗin fahimta. Kowane magnon yana ɗauke da awo ɗaya na sifin ko mene ne saurinsa, saboda haka idan ɗaya ya zama biyu, ƙarfi bai ƙaru ba amma sifin ya ninka, ƙarin kuma daga jikin jerin atam na YIG ɗin ake ɗebo shi. Tsarin da ke ɓata wa mai awon lafawa aiki, shi ne ke ƙara wa mai neman kwararar sifin riba.

Wajen haɗa waya, filatinam mai wannan sirantaka ko hantsaki ya goge shi ya tafi. Mun fi samun nasara da ɗigon man azurfa da siririyar wayar zinariya, a bar shi ya bushe da kansa ba tare da ɗumamawa ba. Kuma idan za a kifa samfurin a kan layin maikurowef, wato siririn ƙarfen da maikurowef ɗin ke bi, a sa siririyar leda mai hana lantarki a tsakani, in ba haka ba filatinam ɗin zai haɗe layin. Raɓar Jidda da ke cinye mana famaloi marar rufi ba ta yi wa YIG komai, tun da shi riga ya haɗu da oksijin. Wannan sauƙi ne na gaske ga wanda ke gabar teku.

Akwai waɗanda ba zan ba su shawarar saye ba. Wanda ke son koya wa 'yan digirin farko yadda layin yake da yadda ake fitar da adadin lafawa, famaloi ya fi masa: yana da araha, layinsa mai faɗi ne, maganaɗisu marar tsananin daidaito ma zai nuna shi. YIG yana buƙatar wutar maganaɗisu da ke tafiya da taku ƙanana ƙwarai, da ma'aunin da ke ganin kashi ɗaya cikin ɗari na militesla, idan babu su za ka tsallake layin ba ka sani ba. Wanda zai yi aiki a tsananin sanyi, kusa da zafin ruwan hiliyam, ya sani cewa gadoliniyam ɗin da ke cikin GGG yana ɗaukar maganaɗisu sosai a can, yana ƙara faɗin layi yana gusar da shi, abin da ba ya damun kowa a zafin ɗaki. Wanda kuma injin maikurowef ɗinsa ba ya sauka ƙasa sosai, ya haɗa da 'yan na'urorin rage wuta a odarsa, masu rage sau goma da sau ɗari, kuɗinsu kaɗan ne.

A odarmu ta gaba Dakta ya amince mu sake komawa wurinsu, amma tsirara kawai, a yanke, a goge baya. Na kuma sa a cikin wasiƙar cewa muna son su rubuta, ga kowane faranti, wutar da suka auna faɗin layi da ita, da irin layin maikurowef ɗin da suka ɗora shi a kai, da zafin ɗakin a lokacin. Sun amsa cewa za su yi.